Coral Nuske da Sitiyarin Motar Baba

Yayata Coral Nuske ta yi shekara arba'in da ɗaya tana gyaran mota a garinmu Pirrabool, kuma ban san mutum ɗaya da ya taɓa fitowa daga garejinta yana murmushi ba. Motarka za ta fito lafiya, wannan ko maƙiyinta ya shaida. Amma kai da ka kai motar, sai ka kwana biyu kana jin zafin abin da ta yaɓa maka. Ni ne ƙanenta, Athol, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara huɗu tsakaninmu, saboda haka rabona ya fi na kowa.

Babanmu Otto shi ya buɗe garejin, doguwar rumfar kwano daura da rumbunan alkama na tashar jirgin ƙasa. Coral tana 'yar shekara goma sha ɗaya ta fara sauka ramin da ake shiga ƙarƙashin mota. Ni kuwa warin man inji hawa mini kai yake yi, sai aka tura ni gona wurin kawunmu. Ta girma doguwa, busasshiya kamar sandar shinge, gashi a yanke gajere, kullum da taba a gefen baki ko ba a kunne ba. Ƙaramin yatsanta na hagu guntu ne. Fankar inji ce ta cire rabinsa, ta naɗe shi da tsumma ta ƙarasa aikin kafin ta yarda a kai ta asibiti. Mutanen gari suna ba da wannan labari kamar abin yabo. Ni ban ga komai a ciki ba sai taurin kai.

Ba ta yi aure ba. Wani mai askin tumaki ya taɓa nemanta, mutumin kirki, ya yi wata uku yana zarya. Rannan ta zare sandar gwajin mai daga injin motarsa, ta ga man ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ta ce masa wanda ya iya yi wa abin da ke ɗaukarsa haka, ba ta ga abin da zai hana ya yi wa mace ba. Bai sake dawowa ba. Faston cocinmu ma bai tsira ba. Ya kawo motarsa birki ya cinye har ƙarfe, ta ce masa, “Fasto, in sauri kake yi ka ga Ubangiji, tafi kai kaɗai. Bar 'ya'yan mutane a kan titi.”

Da Baba ya rasu, sai aka tarar ya bar mata garejin da duk abin da ke ciki. Ni ya bar mini gonar yamma, wadda gishiri ya riga ya cinye rabinta, da tsohuwar a-kori-kurarsa mai ruwan ƙasa. A wurin shan shayin bayan jana'iza, gaban dangi, na ce ta daɗe tana juya tsohon kamar waina, yau ga sakamako. Ta ajiye kofinta a hankali ta ce, “Auta, da ya bar maka sifana, da wane gefen za ka riƙe?” Aka yi dariya, har da matata Glenys, ko da yake ta rufe baki da hankici. Daga ranar na yi shekara goma sha bakwai ko keken hannu ban kai garejin Coral ba. Gara in yi tafiyar kilomita casa'in zuwa Swan Hill. In mun haɗu a kanti, kowa ya kama layinsa.

A shekarar da fari ya yi tsanani ne sitiyarin motar Baba ya fara wasa. Da farko sai ka juya shi faɗin yatsa biyu kafin taya ta amsa. Daga baya ya kai tafin hannu. A kan hanyar tsakuwa sai ka yi ta kaɗa shi dama da hagu kamar mai tankaɗe, don kawai motar ta tafi a miƙe. Glenys ta fara riƙe ƙofa in muna tafiya.

“Athol, ka kai wa 'yar'uwarka motar nan.”

“Ba ni da 'yar'uwa mai gareji.”

“To ka kai wa matar da ba ka sani ba mai gareji.”

Na ƙi. A mashaya wani direban babbar mota ya ce mini abin ba wuya, akwai sukuru a kan akwatin sitiyari da noti da ke riƙe shi, ka sassauta notin, ka ɗaure sukurun, shi ke nan wasa ya tafi. Ranar Asabar na buɗe bonet na nemo akwatin can ƙasa, ya sha ƙura da baƙin mai. Na ɗaure sukurun zagaye ɗaya. Na taɓa sitiyari, har yanzu da wasa. Na ƙara rabi. Ya yi nauyi a hannu, na ce madalla, haka sabo yake. Har na kira Glenys ta zo ta gani, na ce mata ga aikin da ake yi wa mutane gori a kai shekara da shekaru, minti goma ya ɗauke ni.

Washegari muka kama hanyar coci, Glenys da farantin kek a cinya. Akwai kwana kafin gadar magudanar ruwa, kwanar da na sha sau dubu. Na karya hagu, motar ta bi. Da na saki hannu don sitiyari ya dawo da kansa kamar yadda ya saba, sai ya tsaya cik inda na bar shi. Na fizgo shi, ya cije, sannan ya sake gaba ɗaya. Muka keta shingen waya muka faɗa magudanar. Allah ya sa farin ya busar da ita. Ni goshina kawai ya fashe. Glenys ta karye a wuyan hannun dama, kek ɗin ya manne a gilashi.

Ɗan sandan garinmu ya zo, ya taɓa sitiyarin sau ɗaya, ya manna rawayar takarda a gilashin gaba. Motar ba za ta sake hawa titi ba sai mai lasisin duba mota ya sa hannu cewa lafiyarta lau. Mai wannan lasisi a duk yankinmu mutum ɗaya ne, kuma kowa ya san ko wace ce.

Glenys ta dawo daga asibiti hannu a rataye. Ba ta yi faɗa ba, da ma ba halinta ba ne. Ta ce, “Ko ka kai ta wurin Coral, ko ka cinna mata wuta, ko ni in koma wurin 'yarmu. Zaɓi ɗaya kafin Litinin.”

Ranar Litinin da hantsi na ɗora motar a tirela na jawo ta da tarakta ta tsakiyar gari. Tsofaffin da ke zama a bencin gidan waya har da miƙewa tsaye. Coral tana bakin gareji tana goge hannu. Ta zagaya motar sau ɗaya, ta dubi filastar da ke goshina.

“Yaya hannun Glenys?”

“Da sauƙi.”

“Da kai ne ka karye da na ce Allah ya yi adalci. Sauke ta a kan rami.”

Na sauke. Na juya zan hau tarakta, ta ce, “Ina za ka?”

“Gida. In kin gama ki aiko.”

“Hannuna biyu ne, ɗaya ma ba cikakke ba. Ba zan kwance aikin wawa ni kaɗai ba, wawan yana gida yana shan shayi. Shiga ka zauna.”

Na shiga. Ta sauka rami da fitila, muryarta na fitowa ta ƙarƙashin ƙafafuna.

“Kaɗa sitiyarin. A hankali, dolo! Na ce ka kaɗa, ban ce ka yi dambe da shi ba. Dama. Hagu. Tsaya nan. Sake.”

Mutum mai shekara hamsin da ɗaya, mai jikoki biyu, ina zaune ina kaɗa sitiyari kamar wanda aka sa horo, ƙudaje na bin ciwon goshina. Ta ɗauki kusan rabin awa. Da ta fito, ta jefo mini wani faifan roba a cinya, ya ruɓe, zare duk ya fito.

“Ka san wannan?”

“Roba ce.”

“Kai, ashe boko bai tashi a banza ba. Ita ke haɗa sandar sitiyari da akwatin. Rabin wasanka a nan yake. Sauran rabin yana kan sandunan da ke tura taya, kawunansu sun cinye har suna rawa. Akwatin da ka je ka shaƙe, wasan da ke cikinsa bai kai kaurin farcena ba. Zagaye nawa ka yi wa sukurun?”

“Rabi.”

“Auta.”

“Ɗaya.”

Ta ci gaba da kallona, tabar nan na motsi a gefen bakinta.

“Ɗaya da rabi.”

“Kwata ake yi! Kwatar ma a raba ta biyu, a ɗaure noti, a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a ji ko yana cijewa. Haƙoran ciki sun fi cinyewa a tsakiya, don mota ta fi tafiya a miƙe. In ka matse har tsakiyar ta daina motsi, gefen da bai cinye ba sai ya kama. Ko jaki aka yi wa bayanin nan sau ɗaya ya riƙe. Wa ya ba ka shawara?”

“Ba ruwanki.”

“Mashaya ke nan.”

“Ubanki!” Ban san lokacin da ta fito daga bakina ba.

“Ubanmu dai,” in ji ta. “Miƙo mini sifana mai lamba sha huɗu. Ba wannan ba. Lambar a jiki take, ko karatun ma ya gudu?”

Da ta cire akwatin ta buɗe shi a kan benci, sai ga haƙoran sun farfashe, garin ƙarfe na ƙyalli a cikin mai. Ba a samun irinsa sabo, motar ta haura shekara talatin. Ta kai ni bayan gareji, inda gawarwakin motoci ke jibge cikin busasshiyar ciyawa tun zamanin Baba, ta nuna mini wata irin tamu da ba ta da ƙofofi.

“Shiga ƙarƙashi ka kwanto nata. Ka buga ƙasa da sanda tukuna, akwai maciji a wurin. Ba don kai ba, ba na so ka firgita shi.”

Na yini a ƙarƙashin gawar nan, tsatsa na zuba mini a ido. Washegari ta wargaza akwatunan biyu ta zaɓi sassa masu lafiya daga kowanne. A cikin akwatin sitiyari akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe kamar 'ya'yan wake, su ke sa shi juyawa da santsi. Ta wanke su da kananzir ta zuba a gwangwanin biskit, ta ce in ƙirga. Ina cikin ƙirgawa ɗaya ta kuɓuce ta gangara. Ta zauna a kan durom ta kunna tabarta.

“Hamsin da huɗu ne. Ba hamsin da uku ba. Ina nan.”

Na yi rarrafe a simintin nan mai maiƙo har gwiwoyina suka mutu. Wani manomi ya shigo karɓar taya, ya tarar da ni da gindi a sama, ya ce, “A'a, Athol, an shirya ke nan?” Coral ta ce, “Tuba yake yi, kar ka katse shi.” A ƙarƙashin injin walda na same ta.

Rana ta uku aka zo saitin. Ta mayar da akwatin, ba ta haɗa shi da sandunan taya ba tukuna. Ta ɗauko wani ƙaramin ma'auni mai ƙugiya ta maƙala a bakin sitiyari, tana ja a hankali tana duba nauyin da yake buƙata kafin ya juya. Ni ta ba sukudireba ta tsayar da ni a kan sukurun nan da na ɓata.

“Taɓa shi kaɗan. Kaɗan na ce! Mayar. To, rabin haka. Riƙe, kar ya motsa, in ɗaure noti.”

Sau bakwai muna yi tana kwancewa. Ana cikin haka na gane ma'aunin. Da shi Baba yake auna kifi in mun je kogin Murray.

“Ma'aunin Baba ne wannan,” na ce. “Shi ma kin haɗa kin lamushe.”

Ta ajiye shi a kan kujerar mota. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, har leɓenta ya yi fari.

“Na lamushe. Bari in gaya maka abin da na lamushe. Ina da shekara sha tara aka ɗauke ni koyon gyaran injin jirgin sama a Melbourne. Takarda ta zo, ubanka ya karanta ya jefa a murhu a gabana, ya ce wa zai riƙe masa gareji, tunda ɗan da ya haifa namiji warin mai na sa shi amai. Shekara goma sha biyu na ƙarshe hannunsa rawa yake yi, ko noti ba ya iya kamawa. Ni ke rami, shi ke bakin ƙofa yana karɓar godiya. Ko sau ɗaya bai taɓa cewa sannu ba. Kai aka saki, ka tafi ka yi aure ka haihu. Gadon da kake yi mini baƙin ciki a kai shekara goma sha bakwai, kurkuku ne mai rufin kwano.”

“To zo mu yi musanya,” na ce. “Ki je ki noma gishiri ki gani ko yana tsiro.”

“Da na noma shi da ya tsiro.”

Ban taɓa jin zancen takardar nan ba sai ranar. Ko gaskiya ne ko ƙari, ban sani ba, Mama ta riga ta rasu, babu wanda zan tambaya. Abin da na sani shi ne ba ni na ƙona ta ba, kuma ba a taɓa tambayata ko ina son gona ba. Na faɗa mata haka. Ta ce in riƙe sukudireba in rufe baki. Muka ƙarasa saitin.

Da la'asar ta ce a je gwaji, ita za ta tuƙa. Ba ta nufi ko'ina ba sai kwanar gada, inda shingen da na keta yake kwance har lokacin. Ta shiga kwanar da gudun da ni ban taɓa yi ba, ta saki hannu biyu. Sitiyarin ya zame ya dawo tsakiya da kansa, sumul, motar ta miƙe. Ta juyo ta sake yi. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: ko lokacin da Baba ya sayo motar nan ba ta tafiya haka.

Muka dawo gareji, na ce to, a sa hannu a takarda in tafi.

“Sauko rami,” in ji ta.

Na sauka. Ta haska fitila a babban ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, wajen tayar baya. Ta kafa bakin sukudireba ta danna da hannu ɗaya. Ya shige har mariƙi kamar cikin burodi. Ta matsa gaba ta sake dannawa, nan ma haka. Jar tsatsa ta zubo mana a takalma.

“Gishirin gonarka ne. Ba ta gyaruwa, kuma ba zan sa hannu ba.”

Na juyo na dube ta. “Tun yaushe kika ga wannan?”

“Tun Litinin, minti biyar da saukata.”

“Kika bar ni kwana uku ina rarrafe, ina shiga ramin maciji, alhali kin san motar ba za ta hau titi ba?”

“Sitiyari ka kawo, sitiyari na gyara. Ka tambaye ni sauran?”

“Muguwa. Baƙar muguwa. Ramuwa kike yi.”

“Kira shi abin da ka ga dama. Na san ka, Auta, ba za ka jefar da ita ba, a gona za ka ci gaba da hawa. Can ma akwai itatuwa da madatsar ruwa, kuma Glenys tana shiga. Ɗauki tsiyarka ka fita, zan rufe.”

Na ɗora motar a tirela na ja ta gida. Bayan mako guda, ba tare da na gaya wa kowa ba, na kai ta Swan Hill wurin wani mai duba mota da bai san mu ba. Bai yi minti goma a ƙarƙashi ba ya fito yana kaɗa kai, ya ce ko ɗan'uwansa ne ba zai sa wa wannan hannu ba. Sannan ya taɓa sitiyarin, ya sake taɓawa, ya ce, “Amma wa ya yi maka saitin nan, aboki? An daɗe ban ji irinsa ba.” Na ce ni na yi. Ya dubi hannuwana.

Motar ta yi shekara tara tana kai wa tumaki ciyawa a cikin gona kafin bayanta ya karye gaba ɗaya. Ban sake taka garejin Coral ba, ita ma ba ta nema ba.

Bayan shekara huɗu da wannan aiki huhunta ya fara ba ta wahala. Ta rufe garejin ta koma Portland, bakin teku, wani ɗan gida mai ɗaki biyu, ba ta yi sallama da kowa ba. Wata safiya cikin watan Mayu, muna tsakiyar shuka, waya ta yi ƙara na ɗauka. Daga asibiti ne, wai Coral Nuske tana kwance, numfashi ya tsananta, suna neman Glenys Nuske.

“Ni ne ƙanenta,” na ce. “Ku faɗa mini.”

Na ji matar tana buɗe takarda. “Yi haƙuri, sunan da ta rubuta a gurbin dangi ɗaya ne, Glenys. A gurbin 'yan'uwa ta rubuta babu.”

Na miƙa wa Glenys wayar na fita na hau tarakta. Ta bi bas ta tafi, ta kwana tara a can. Ni ban je ba, ruwa ya sauka a karon farko cikin wata biyar, ƙasa ba ta jira.

Coral ba ta mutu ba. Likitoci sun ce ba za ta kai Kirsimeti ba, ta ce musu ba su iya aikinsu ba, kuma ga shi har yau tana nan da bututun iska a hanci, tana zagin maƙwabta a kan yadda suke ajiye kwandon shara. Duk Lahadi bayan coci takan kira gidanmu. In tsautsayi ya sa ni na ɗauka, sai in ji numfashinta mai ƙara, sannan ta ce, “Ba ni mai gidan.” Sai in ajiye wayar a kan tebur in ƙwala wa Glenys kira.